Jijiyar motsi: yadda allura guda ke iya shanye ƙafar yaro

Duk shekara, idan damina ta yi nisa sauro ya yawaita, masassara kan cika gidajen likita tun daga Tawa har Damagaram. A irin wannan lokaci ne ake yawan ganin wani abin tausayi da ya daɗe yana aukuwa a birane da ƙauyukan ƙasar nan. Yaro ya kwana da zazzaɓi, gidan likita da nisa ko kuwa layi ya yi tsawo, sai a kira mai allura na unguwa ya danna ma yaron ruwan magani a tsakiyar mazauni. Yaron ya kwantsama ihu irin wanda bai taɓa yi ba, a ce ai zafin allura ne. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya sauka, iyaye su yi hamdala, amma da an tsayar da yaron sai a ga ƙafa guda ta saki: tafin yana reto, yatsu na jan ƙasa, takalmi na suɓucewa bai sani ba. Daga nan maganganu su tashi. Wasu su ce inna ce ta shanye shi, wasu su ce ya taka sammu, a shiga yawon neman magani wata da watanni. Alhali abin da ya faru sananne ne wajen likitoci: tsinin allurar, ko ruwan maganin da ta zuba, ya taɓa babbar jijiyar da ke kai umurnin motsi zuwa ƙafa.

Kalma guda, abu uku

Kafin a gane wannan lahani sai an warware wani ruɗani da ke cikin harshen kansa. Bahaushe kan kira abu uku da suna guda. Akwai jijiyar jini, wadda ake gani shuɗiya a bayan hannu. Akwai jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agarar da mahauci ke rataye cinyar rago da ita. Ta uku kuwa farin zare ce mai laushi, babu jini a cikinta kuma ba ta ja ba ta ɗaurewa, aikinta ɗaukar saƙo kurum, kamar wayar tarho. Ita ce ke bada zafin nan mai kama da na taɓa minjirya idan mutum ya bugi gwiwar hannunsa da gefen tebur, har ya ji shi a ƙaramin yatsa. A kan wannan ta uku ake magana a nan.

Jikin ɗan Adam yana da tsokoki sama da 600 masu motsa gaɓoɓi, kuma babu guda daga cikinsu da ke iya motsawa don ra'ayin kanta. Ɗan kasuwa mai ƙirga jikkuna da babban yatsa, da ma'aikacin biro mai sa hannu a takarda, kowannensu yana aika dubban saƙonni daga kansa zuwa yatsunsa cikin ƙiftawar ido, ba tare da ya san yana yi ba.

Daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka

Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyar 86. Umurnin motsi yana tasowa daga wani zirin wuri a samanta, wanda ya taso daga tsakar kai ya gangara wajen kowane kunne. Wasu likitocin Jamus biyu, Fritsch da Hitzig, su ne suka fara tabbatar da haka a birnin Barlin cikin shekarar 1870, lokacin da suka taɓa wannan wuri a ƙwaƙwalwar kare da ƴar wutar lantarki, suka ga ƙafar ɗaya ɓangaren ta motsa. A shekarar 1937 kuma likitan fiɗa Wilder Penfield na ƙasar Kanada, wanda ke yi ma masu farfaɗiya aiki suna farke, ya zana taswirar wurin a ƙwaƙwalwar mutum. Ya tarar kowace gaɓa da unguwarta, kuma ba a raba filin bisa girman gaɓa ba. Hannu da leɓe da harshe sun kwashe kaso mafi tsoka, gadon baya da cinya kuwa ɗan fegi suka samu, saboda ɗinki da rubutu da magana sun fi buƙatar ƙwarewa bisa ga ɗaukar buhu.

Daga can saƙon yakan gangara ta wasu dogayen zaruruwa. A gindin ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya, fiye da kashi 8 cikin 10 na zaruruwan suna ƙetarawa, na dama su koma hagu, na hagu su koma dama. Shi ya sa ɓarin ƙwaƙwalwa na hagu ke mulkin hannu da ƙafar dama. Daga nan su shiga laka, wadda tsawonta bai wuce santimita 45 ba, kaurinta kamar ƙaramin yatsa, tana ɓoye cikin ƙashin baya. A cikin laka zare na farko ke miƙa saƙon ga wata ƙwayar jijiya ta biyu, ita kuma ta fitar da nata zare zuwa tsoka. Jijiyoyi 31 ke fita daga laka ta kowane gefe, wasu 12 kuma ta kowane gefe suna fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, su ne ke kula da ido da fuska da harshe da haɗiya.

Saƙon kansa ƴar wutar lantarki ce mai rauni ƙwarai. Bajamushe Helmholtz ya auna gudunta a jijiyar kwaɗo cikin shekarar 1850, ya samu kusan mita 30 a daƙiƙa guda. A manyan jijiyoyin hannun mutum gudun yakan kai mita 50 zuwa 60, wato kusan kilomita 200 a awa. Da bisa hanyar mota ne, da saƙon ya tashi daga Maraɗi ya isa Damagaram cikin awa guda da ƴan mintoci. Abin da ke ba shi wannan sauri shi ne wani farin kitse da ya naɗe zaren kamar robar da ke jikin wayar wuta. Idan saƙo ya kai ƙarshen zare, akwai ɗan tazara tsakaninsa da tsoka, sai zaren ya fesa wani sinadari mai suna asetilkolin, tsokar ta karɓa ta ƙanƙance, ta ja ƙashi. A tsokar ido zare guda yana kula da silin tsoka kamar goma, a sha-raɓa kuwa zare guda kan ja fiye da dubu.

Hanyar tana da zuwa da dawowa. A cikin jijiya guda akwai zaruruwan da ke komawa sama da labarin zafi da sanyi da taɓawa, da kuma labarin inda kowace gaɓa take, shi ya sa mutum ke iya kai loma baki cikin duhu. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya ita ke gwada abin da aka umurta da abin da ya auku, ta gyara kuskure nan take. Da ita ce mai tallar nono ke tafiya da ƙwarya bisa kai ba ta zubar ba. Wani motsin ma ba ya jiran ƙwaƙwalwa: wanda ya taɓa butar shayi mai zafi yakan janye hannu kafin ya ji zafin, domin laka ce ta yanke hukunci da kanta.

Inda waya ta tsinke

Tunda hanyar tana da zango-zango, wurin da ta lalace shi ke nuna irin shanyewar da za a gani, kuma da wannan ne likita ke gane tushen ciwo.

Idan lahanin a ƙwaƙwalwa yake, kamar jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, wanda hawan jini ne babban sanadinsa, ɓarin jiki guda ke mutuwa, na ɗaya gefen. Da farko gaɓoɓin kan saki, daga baya su sandare, hannu ya lanƙwashe wajen ƙirji, ƙafa ta miƙe ƙyam. Wanda ɓarinsa na dama ya shanye sau da yawa maganarsa ma kan ɗauke, saboda wajen sarrafa magana yana hagu ga yawancin mutane, kamar yadda likitan Faransa Paul Broca ya fara nunawa a shekarar 1861.

Idan laka ce ta yanke, kamar a haɗarin mota ko faɗowa daga bisa icce ko cikin rijiya, duk abin da ke ƙasa da wurin yakan mutu, motsi da ji har da riƙe fitsari da bayan gida. Karayar tsakiyar baya tana ɗauke ƙafafu biyu, ta wuya tana haɗawa da hannaye, wani lokaci har da numfashi. Laka da ƙwaƙwalwa ba sa sake tsiro kamar jijiyoyin gaɓoɓi, don haka yadda aka ɗauki mai rauni daga bakin hanya yana iya zama sanadin tafiyarsa ko kwanciyarsa har abada.

Shan inna kuwa ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta hanyar ruwa ko abincin da najasa ta gurɓata, ta je ta kashe ƙwayoyin nan na biyu da ke cikin laka. Ƙafar takan saki ta rame, amma yaron yana jin taɓawa da tsunguli sarai, domin zaruruwan ji ba su taɓu ba. Cikin yara 200 da cutar ta shiga jikinsu, kusan guda ke shanyewa. A ranar 25 ga watan Agusta na 2020 hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, amma wani nau'in yana ɓullowa a wuraren da yara da yawa ba su samu ɗigon rigakafi ba, shi ya sa ba a daina bi gida-gida ba.

Jijiyar gaɓa kuma idan ta lalace, motsi da ji kan tafi tare a yankin da take kula da shi kaɗai, sau da yawa tare da zugi mai kama da ƙuna. Nan ne ƙafar yaron da aka yi ma allura ta bambanta da ta mai shan inna: bayan tafinsa ya mutu, ana tsungulinsa bai ji.

Mataki uku na lahani

Wani likitan Ingila, Herbert Seddon, wanda ya yi jinyar raunukan jijiya a lokacin yaƙin duniya na biyu, ya kasa lahanin kashi uku a shekarar 1943, kuma har yau da wannan rabon ake aiki. Mafi sauƙi shi ne a danne jijiya ba tare da zarenta ya tsinke ba, kamar wanda barci ya kwashe da hannunsa rataye bisa bayan kujera, ya farka wuyan hannu ya saki. Wannan kan warke da kansa cikin kwanaki ko makonni, da wuya ya wuce wata uku. Na biyu shi ne zaren ciki ya tsinke amma kuben da ke rufe da shi yana nan. Na uku shi ne jijiyar ta rabu biyu ɗungum, kamar a saran adda ko yankan gilashi, kuma wannan ba ya haɗuwa sai likitan fiɗa ya ɗinke.

Idan zare ya tsinke, guntun da ya rabu da uwarsa yakan ruɓe cikin ƴan kwanaki, abin da Augustus Waller ya fara gani a birnin Landan a shekarar 1850. Daga kututturen sai sabon zare ya tsiro, ya bi tsohon kube yana neman tsokarsa, da tafiyar da ba ta wuce milimita guda a yini ba, kimanin santimita 3 a wata. A nan ne lissafi ke shigowa. Tsokar da ta rasa jijiyarta tana iya jira shekara guda zuwa wata 18. Bayan haka sai ta rame ta zama kitse da tabo, ko saƙo ya iso babu mai karɓa. Idan jijiya ta yanke a wuyan hannu, tazarar santimita 10 ce, wata uku ko huɗu sun isa. Idan a kafaɗa ta yanke, zuwa yatsu ya haura santimita 60, kusan shekara biyu ke nan. Duk watan da aka ɓata ana jiran gawon shanu, daga cikin wa'adin tsokar ake cire shi.

Abubuwan da suka fi jawo shi a ƙasar nan

Jijiyar da ke bi ta mazauni ita ce mafi girma a jiki, faɗinta ga babban mutum ya kai na babban yatsa. Tana fitowa daga ƙugu, ta bi tsakiyar mazauni da bayan cinya, ta rabu biyu kafin gwiwa. Reshen da ke ɗaga tafin ƙafa shi ya fi saurin lalacewa. Ga yaro ƙarami, balle wanda ciwo ya ramar, naman da ke kare ta kaɗan ne, ga shi kuma yana mutsu-mutsu. Ruwan kinin ya yi ƙaurin suna a nan domin yana ƙona nama da jijiya ko da tsinin bai soke ta ba. Wannan matsala ce ta sa a cikin shekarun 1990 likitan Faransa Hubert Barennes da abokan aikinsa suka jarraba bai ma yara kinin ta dubura a Yamai, don a kauce ma allurar. A shekarar 2010 wani bincike kan yara sama da 5.000 a ƙasashen Afirka 9 ya nuna maganin artesunat ya fi kinin ceton rai a masassara mai tsanani, kuma a 2011 OMS ta sa shi gaba. Masassara marar tsanani kuwa ƙwayoyin sha sun ishe ta. Sai dai har yanzu akwai iyayen da ba sa jin an yi ma ɗansu magani in ba a soke shi ba, kuma akwai masu allurar da ba su taɓa koyon inda jijiya take ba. Ƙa'idar da ake koya ma ma'aikatan lafiya ita ce a yi ma ƙaramin yaro allura a gefen cinya ta gaba, babba kuma a ɓangaren sama na waje na mazauni.

Na biyu shi ne moto. Ɗan kabu-kabu ko fasinjansa idan ya faɗi bisa kafaɗa, kai ya yi gefe kafaɗa ta yi ƙasa, saiwoyi biyar da ke fita daga wuya zuwa hannu kan miƙe fiye da ƙima, wani lokaci su tumɓuke daga laka. Hannun sai ya rataya kamar tsumma. Saiwar da ta tumɓuke ba ta komawa, amma likitoci sun samu dabarar aro reshe daga jijiya mai lafiya su jona ma wadda ta mutu. A shekarar 1994 Christophe Oberlin na birnin Paris ya bayyana irin wannan aiki da ke maido da lanƙwasa gwiwar hannu. Aikin ya fi cin nasara idan an yi shi cikin wata shida na farko. Irin wannan rauni kan samu jariri a haihuwa mai wuya, kodayake yawancin jarirai suna warwarewa cikin watanni.

Na uku shi ne karaya da ɗori. Jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu tana naɗe da ƙashin dantse, karayarsa kan taɓa ta. Ɗaurin da ya matse fiye da ƙima kuma yana tsayar da jini, cikin ƴan awoyi tsoka da jijiya su mutu, yatsu su ƙandare har abada. Yatsun da suka kumbura, suka yi sanyi ko suka sage bayan ɗori, tare da zugin da ke ƙaruwa, alama ce ta a kwance ɗaurin a nufi gidan likita a wannan daren.

Na huɗu ita ce kuturta. Ƙwayarta, wadda likita Hansen ɗan ƙasar Norwe ya gano a shekarar 1873, jijiya take ci. Yatsu ba sa guntulewa don kansu. Ji ne ke ɗaukewa, mai ciwon ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, miki ya ci nama da ƙashi. Tun shekarar 1995 ake bada maganinta kyauta a duniya, wata 6 ko 12 ake sha a warke, kuma cibiyar Danja da ke kudancin Maraɗi ta shafe shekaru sama da sittin tana wannan aiki. Tabon fata mai haske wanda ba ya jin taɓawa shi ne alamar farko. Ciwon sukari ma, wanda ke yawaita tsakanin masu zaman shago da na biro, yana cin jijiyoyin ƙafa sannu a hankali, ya fara da sagewa da zafi a yatsu.

Abin da ya kamata a yi

Duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda wata gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ko bayan allura ko ba allura, wajibi ne a kai shi gidan likita nan da nan. Ana ɗibar bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 don a tabbatar ko shan inna ce. Kada iyaye su ɓoye maganar allurar don kunya ko don kare wanda ya yi ta, domin ita ce za ta shiryar da likita. Babban mutum da bakinsa ya karkace, hannu ya yi nauyi ko magana ta sarƙe, awoyin farko su ne masu daraja. Wanda ya yi haɗari yana kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi a cusa a mota. A kwantar da shi a miƙe bisa ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum guda ya riƙe kansa daidai da jikinsa.

Lokacin da ake jiran jijiya ta tsiro, aikin masu motsa gaɓoɓi, waɗanda aka fi sani da kine, yana da muhimmanci ƙwarai. Motsa gaɓar kullum yana hana ta sandarewa, takalmi ko ƙarfen da ke tallabe tafin ƙafa yana hana agara ƙanƙancewa. Gashi da ruwan zafi ko garwashi da tsaga a gaɓar da ba ta ji haɗari ne, domin mai ita ba zai san ta ƙone ba. Ko da jijiyar ta ƙi dawowa, likitan fiɗa na iya karkato agarar wata tsoka mai lafiya ta ɗaga tafin ƙafa ko wuyan hannu.

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka kai cikin makon farko yana da damar komawa filin ƙwallo da ƙafafunsa biyu. Wanda aka kai bayan shekara biyu, galibi abin da ya rage a yi masa shi ne takalmin ƙarfe.